Ƙofar da Aka Toshe: Daga Majinyacin Berlin zuwa Tagwayen Shenzhen

A farkon shekarun 1990, wani mai zane-zane a birnin New York, Stephen Crohn, ya riƙa bin likitoci da tambayar da babu wanda ya iya amsa masa: me ya sa shi bai kamu ba? Abokin zamansa ya rasu a 1982, yana cikin mutanen farko da ƙanjamau ta kashe a Amurka, tun cutar ba ta samu suna ba. Abokansa suka bi, ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa duk gwajin da aka yi masa sai a ga jininsa lafiya lau.

A 1994 wani matashin mai bincike, Bill Paxton, na cibiyar binciken ƙanjamau ta Aaron Diamond, ya ɗebi jinin Crohn, ya ware fararen ƙwayoyin jinin da HIV ke farauta, ya zuba musu bairos ɗin a ɗakin gwaje-gwaje. Ba su kamu ba. Ya ninka adadin sau dubbai, shiru. Sai da aka yi shekara biyu kafin a gano dalili, kuma daga wannan dalili ne labarin gyaran ƙwayoyin gado don maganin cututtukan bairos ya samo tushe.

Kafin mu yi nisa gara mu daidaita kan kalmomi, domin Hausa ta ɗora wa kalmar "ƙwaya" kaya da yawa. Jikin mutum gini ne na ƙwayoyin halitta masu ɗimbin yawa. A cikin kusan kowace ɗaya akwai kundin gado, wato DNA, dogon rubutu mai haruffa kusan biliyan 3, kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Duk sashen rubutun da ke ɗauke da umarnin ƙera wani abu guda shi za mu kira ƙwayar gado. Shi kuma bairos ɗan guntun rubutu ne a cikin kwanso, ba ya iya hayayyafa da kansa, sai ya shiga ƙwayar halitta ya mayar da ita masana'antarsa.

HIV ba ya shiga ƙwayar garkuwar jiki sai ya kama abu biyu a bangonta. Na farko ana kiransa CD4. Na biyu, ga mafi yawan ire-iren HIV da ke yaɗuwa tsakanin mutane, shi ne CCR5, kuma shi ne ƙofar. A watan Agustan 1996, masu bincike a New York da Brussels, kowanne a nasa ɓangare, suka nuna cewa akwai mutanen da haruffa 32 suka ɓace daga umarnin ƙera wannan ƙofa. Wanda ya gaji wannan giɓi daga uwa da uba duka, ƙofar ba ta ginuwa a jikinsa sam. Crohn yana cikinsu. Aka sa wa giɓin suna delta-32.

Rabon wannan gado bai bi inda ake bukatarsa ba. A arewacin Turai kusan mutum 1 cikin 100 yana da kwafi biyu na giɓin. A Afirka da gabashin Asiya kuwa da ƙyar ake cin karo da shi, alhali kusan kashi biyu bisa uku na mutum miliyan 40 da ke ɗauke da HIV a duniya suna Afirka kudu da Sahara ne.

A waccan shekarar ta 1996 aka yi wani abin da ya fi wannan tasiri ga rayukan jama'a. A babban taron ƙanjamau na Vancouver, a watan Yuli, aka gabatar da sakamakon haɗa magunguna uku a lokaci guda, wanda ya danne bairos ɗin har ya daina bayyana a gwajin jini. Mutanen da aka cire wa rai suka tashi suka koma aiki. Wasu masana har suka fara lissafin cewa shekaru kaɗan na shan magani za su share cutar daga jiki. Shekara ɗaya kawai wannan fata ya yi. A 1997 ƙungiyoyin bincike uku, ciki har da ta Robert Siliciano a Jami'ar Johns Hopkins, suka nuna cewa HIV yana manna rubutunsa a cikin kundin gadon wasu ƙwayoyin garkuwa, ya kwanta a nan ya yi lamo. Magani ba ya ganin wanda ya kwanta. Irin waɗannan ƙwayoyin kaɗan ne, kamar ɗaya cikin miliyan, amma suna da tsawon rai. Daga baya Siliciano ya ƙiyasta cewa sai an yi sama da shekara 70 ana shan magani kafin su ƙare. Da zarar an daina, cikin 'yan makonni bairos ɗin ya dawo.

To, tun daga nan aka san cewa mai neman warkarwa ta har abada hanya biyu ke gabansa: ko ya toshe ƙofar, ko ya bi bairos ɗin cikin kundin gado ya yanke shi.

Berlin

Wanda ya fara toshe ƙofar bai gyara ko harafi ɗaya ba. Aro ya yi.

Timothy Ray Brown Ba'amurke ne daga Seattle, mazaunin Berlin. An gano yana da HIV a 1995, ya shiga shan magani, rayuwarsa ta ci gaba. A 2006 sankarar jini mai tsanani ta kama shi. Likitansa a asibitin Charité, Gero Hütter, masanin cututtukan jini ne, ba shi da wata ƙwarewa ta musamman kan ƙanjamau, amma ya tuna abin da ya karanta kan delta-32 tun yana ɗalibi. Tunda dai Brown zai bukaci dashen ɓargo, wato a kashe nasa tushen jinin a sa masa na wani, me zai hana a nemo mai bayarwa wanda ba shi da ƙofar? Brown ya yi sa'a, rajistar masu bayarwa ta fito da mutum sama da 200 da suka dace da jikinsa. Aka bi su ɗaya-ɗaya ana gwadawa, a kan na 61 aka dace.

An yi dashen a watan Fabrairun 2007, kuma daga ranar Brown ya daina shan maganin HIV. Bairos ɗin bai dawo ba. Sankarar ce ta dawo, aka sake yi masa dashe a 2008 daga mutumin nan dai. Wannan karon ya sha wuya ƙwarai. Ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, ya kusa makancewa, sai da ya sake koyon tafiya da magana. Lokacin da Hütter ya kai rahotonsa taron masana a Boston a 2008, kaɗan ne suka tsaya suka duba. Sai da mujallar New England Journal of Medicine ta buga shi a 2009 aka fara yarda cewa an warkar da mutum daga HIV. Brown ya bayyana sunansa a 2010. Ya rasu ranar 29 ga Satumbar 2020, sankarar ce ta sake dawowa. Har ya bar duniya ba a ƙara samun HIV mai rai a jikinsa ba.

Abin da ya halatta wannan kasada a fili yake. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Dashen ɓargo daga wani mutum yana iya kashe majinyaci, kuma babu likita mai hankali da zai yi wa mai HIV shi don HIV kaɗai, alhali ga maganin da ke riƙe da shi. An yi wa Brown ne saboda sankara za ta kashe shi, warkewar HIV ɗin gyara ce aka samu a kan ciniki. Haka aka yi wa Adam Castillejo a Landan a 2016, da wasu bayansa. Zuwa 2024 an ƙirga mutum bakwai, dukansu masu sankara.

Ko a nan ma abin bai tafi sumul ba. Wani majinyaci a birnin Essen na Jamus an yi masa irin wannan dashen, amma bairos ɗin ya dawo da ƙarfinsa, domin a jikinsa akwai wani nau'in HIV da ke shiga ta wata ƙofa dabam mai suna CXCR4. Sannan a cikin bakwai ɗin nan akwai na Geneva, wanda mai ba shi ɓargo yake da ƙofarsa cikakkiya, abin da ke nuna cewa sabuwar garkuwar da aka dasa ita ma tana da hannu wajen share tsofaffin ƙwayoyin da bairos ya ɓuya a ciki.

Neman almakashi

Tambayar da Berlin ta bari ita ce: ko za a iya ɗaukar ƙwayoyin majinyaci na kansa, a lalata umarnin CCR5 a cikinsu, a mayar masa, ba tare da neman Bature na 61 ba?

Fagen da zai amsa wannan tambaya yana cikin zaman makoki a lokacin. A watan Satumbar 1999, wani saurayi ɗan shekara 18, Jesse Gelsinger, ya shiga gwaji a Jami'ar Pennsylvania da ke Philadelphia. Yana da lalurar hanta ta gado da ke sa sinadarin amoniya taruwa a jini, amma tasa mai sauƙi ce, yana riƙe da ita ta hanyar kula da abinci da shan magani. An zuba masa wani bairos da aka horar don ya kai wa hantarsa ƙwayar gado lafiyayya. Garkuwar jikinsa ta yi wa baƙon mummunan bore, bayan kwana huɗu ya rasu. Bincike ya nuna cewa takardar amincewar da ya sa wa hannu ba ta ambaci birai da suka mutu a gwajin farko ba, kuma jagoran aikin yana da hannun jari a kamfanin da zai ci riba. Ba da jimawa ba, a Faris da Landan, aka yi wa yara 20 da aka haifa ba su da garkuwar jiki irin wannan magani. Mafi yawansu sun samu garkuwa, amma biyar sun kamu da sankarar jini cikin 'yan shekaru, ɗaya ya rasu, saboda bairos ɗin da ya yi dakon ƙwayar gadon ya sauke ta kusa da wani sashe mai tayar da sankara. Wancan zamani na jefa sabon rubutu ne cikin kundi, ya faɗa inda ya faɗa. Abin da ake nema shi ne kayan aikin da zai je daidai layin da ake so.

Na farko da ya kai ga jikin mutane shi ne wani almakashi da ake kira "yatsun tutiya", na kamfanin Sangamo. Daga 2009, Carl June da Pablo Tebas, a wannan jami'ar ta Pennsylvania dai, suka ɗebi ƙwayoyin garkuwar mutum 12 masu HIV, suka yanke CCR5 a wani kaso daga cikinsu, suka mayar. Sakamakon ya fito a 2014. Shida sun dakatar da magani na ɗan lokaci don a gani, bairos ɗin ya taso, amma ƙwayoyin da aka gyara sun fi sauran jurewa. A jikin mutum ɗaya bairos ɗin ya sake faɗuwa har ya daina bayyana, da aka duba sai aka ga ashe dama ya gaji kwafi ɗaya na delta-32, rabin aikin a yi yake. Ba a warkar da kowa ba, amma wannan ne karon farko da aka gyara kundin gadon ƙwayoyin ɗan Adam aka mayar jikinsa, kuma a kan cutar bairos aka fara.

Yatsun tutiya suna da tsada da wuyar ƙerawa. Wanda ya maye gurbinsu daga wajen bakteriya aka aro shi, kuma abin sha'awa shi ne makamin yaƙi da bairos ne tun asali. Francisco Mojica na Jami'ar Alicante a Sifen ya shafe shekaru yana nazarin wasu maimaitattun layuka a kundin ƙananan halittun da ke rayuwa a tafkunan gishiri. A 2003 ya gane cewa abin da ke tsakanin layukan guntayen rubutun bairos ne, tamkar hotunan ɓarayin da suka taɓa shiga gida. Mujallu da dama suka ƙi takardarsa kafin ta fito a 2005. Tabbacin ya zo a 2007 daga kamfanin Danisco, mai sayar da bakteriyar da ke mayar da madara yogot, wanda damuwarsa ita ce bairos da ke lalata masa kaya. A watan Yunin 2012 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka nuna cewa za a iya ba wannan almakashi, CRISPR-Cas9, hoton duk layin da aka ga dama, ya je ya yanke. Sun samu kyautar Nobel a 2020. Aikin da a da yake cin watanni da maƙudan kuɗi ya zama abin da ɗalibin digiri na biyu zai yi cikin makonni.

Sai dai a lura da abu guda, domin komai na gaba a kansa ya rataya. Almakashin yanka kawai yake yi. Ƙwayar halitta ce ke ɗinke wurin da kanta, kuma ɗinkin gaggawa take yi: wani lokaci ta zubar da haruffa, wani lokaci ta ƙara. Mai gyaran yana zaɓar inda za a yanke, ba ya zaɓar yadda za a ɗinke.

Shenzhen

Ranar 25 ga Nuwambar 2018, ɗan jarida Antonio Regalado na mujallar MIT Technology Review ya bankaɗo wasu takardu a rajistar gwaje-gwajen asibiti ta Sin. Kafin gari ya waye, He Jiankui, malami a wata jami'ar kimiyya da fasaha da ke Shenzhen, wanda ya yi karatu a jami'o'in Rice da Stanford na Amurka, ya saki bidiyo a YouTube yana shelar haihuwar tagwaye mata, da ya laƙaba wa Lulu da Nana. Ya ce ya yanke CCR5 a jikinsu tun suna ƙwan da aka haɗa da maniyyi a ɗakin gwaje-gwaje, kafin a dasa su a mahaifa. Bayan kwana uku ya tsaya gaban taron duniya kan gyaran kundin gado a Hong Kong ya kare kansa.

Ya kamata a yi masa adalci a kan abu ɗaya: ƙuncin da ya ce yana son magancewa gaskiya ne. Ma'auratan da ya ɗauka, guda takwas kafin ɗaya su janye, duk mazan ne ke da HIV, matan ba su da shi. A Sin masu ɗauke da cutar suna fuskantar tsangwama a wurin aiki da asibiti, kuma ƙa'ida ta hana a yi musu haɗin ƙwai a ɗakin gwaji. Uban da ya ɗanɗana wannan, aka ce masa 'yarsa ba za ta taɓa ɗanɗanawa ba, ba abin mamaki ba ne ya sa hannu.

Amma a auna abin da ma'aunin Berlin. Brown yana bakin kabari, yaran nan kuwa ba su da cutar komai. Haɗarin su ɗauka daga ubansu ma babu shi, domin an wanke maniyyin kafin a haɗa, hanyar da aka daɗe da sanin tana hana yaɗuwar bairos ɗin. Abin da ya rage shi ne yiwuwar su kamu wata rana idan sun girma, wanda akwai hanyoyin kariya daga gare shi masu arha da aka tabbatar. A ɗaya gefen ma'aunin kuwa, ga abin da bayanan He na kansa suka nuna. Babu ɗaya daga cikin yaran da ta samu delta-32, giɓin da aka san mutane sun rayu da shi shekaru aru-aru. A jikin ɗaya, kwafi ɗaya ya rasa haruffa 15, ɗayan kwafin ko taɓa shi ba a yi ba, ke nan ƙofarta tana nan. A jikin ɗayar, kwafi ɗaya ya rasa haruffa 4, ɗayan ya samu ƙarin harafi 1. Sauye-sauye ne da ba a taɓa nazarin tasirinsu a jikin mutum ba. Akwai kuma alamun cewa gyaran bai game dukan ƙwayoyin jikinsu ba, wasu sun sauya wasu ba su sauya ba. He ya ga waɗannan sakamako kafin a dasa, ya ci gaba.

Ba za a ce bai samu gargaɗi ba. Wata huɗu kafin shelarsa, masu bincike a cibiyar Sanger ta Ingila sun buga cewa yankan CRISPR yakan share dubban haruffa a daidai wurin da aka nufa, ɓarnar da gwajin da aka saba yi ba ya ganowa. An kuma san tun shekaru goma kafin nan cewa CCR5 tana da aikinta: waɗanda ba su da ita sun fi shan wuya idan zazzaɓin Yammacin Nilu, wanda sauro ke yaɗawa, ya kama su. Garin gyaran gira ana iya rasa ido. Kuma tunda a ƙwai aka yi gyaran, duk abin da ya faru zai iya bin 'ya'yansu da jikokinsu.

Masu suka ma sun yi nasu tuntuɓen. A watan Yunin 2019 wasu masana a Berkeley suka buga a Nature Medicine cewa masu kwafi biyu na delta-32 sun fi saurin mutuwa da kashi 21 cikin ɗari. Jaridun duniya suka ɗauka a matsayin hujjar ƙarshe a kan He. A watan Oktoba marubutan suka janye takardar, kuskure ne a bayanan da suka yi amfani da su. Laifin He bai bukaci wannan lissafin ba tun farko.

A ganina inda abin ya fi muni shi ne takardar amincewa. Ta gabatar da aikin a matsayin shirin samar da rigakafin ƙanjamau, ta kuma tanadi cewa ma'auratan da suka janye bayan an yi nisa za su mayar da kuɗin da aka kashe musu. Mai karatu daga Kano ba ya bukatar dogon bayani kan nauyin irin wannan takarda. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a birnin. Gardamar ko an sanar da iyaye yadda ya kamata ta kai kotunan Najeriya da Amurka, kafin a sasanta da gwamnatin jihar a 2009 a kan dala miliyan 75, kuma shakkun da abin ya shuka yana cikin abin da aka riƙa ambato lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003.

Ranar 30 ga Disambar 2019 wata kotu a Shenzhen ta yanke wa He ɗaurin shekara uku da tarar yuan miliyan 3, bisa yin aikin likita ba bisa ƙa'ida ba. Kotun ta ce an ƙirƙiri takardun amincewar kwamitin ɗa'a na bogi, ta kuma tabbatar da haihuwar jaririya ta uku.

Bayan ƙura ta lafa

Aikin da ake yi a kan manya masu cutar, da saninsu da yardarsu, bai tsaya ba, sai dai labarinsa ba shi da armashin da jaridu ke so. A 2019 Deng Hongkui na Jami'ar Peking ya ba da rahoton wani matashi mai HIV da sankarar jini da aka dasa wa ɓargon da aka gyara da CRISPR. Ƙwayoyin sun zauna lafiya, sankarar ta lafa, amma waɗanda gyaran ya kama ba su wuce kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari ba. Da aka dakatar da magani, HIV ya dawo.

Hanya ta biyu, ta bin bairos ɗin cikin kundi, Kamel Khalili na Jami'ar Temple ne ya fi daɗewa a kanta. Tun a 2016 masu bincike a Montreal da Amsterdam suka gano wani tarko a cikinta: idan aka yanki rubutun HIV a wuri ɗaya, ɗinkin gaggawar nan yakan sauya haruffan wurin, bairos ɗin ya rayu, almakashin kuma ya daina gane shi. Maganin da kansa ke ƙera bairos mai jure masa. Shi ya sa ake yanka a wurare da yawa lokaci guda, a cire babban yanki. A 2019 Khalili da abokan aikinsa a Nebraska suka share HIV daga jikin wasu ɓeraye. Kamfanin Excision ya kai abin ga mutane a 2022, ta allurar jijiya. A 2024 aka sanar cewa mutum biyar ɗin farko ba su samu wata babbar illa ba, amma ukun da suka dakatar da magani duk bairos ɗin ya dawo musu, ɗaya bayan mako 16.

Ba a wajen yanka gizo ke saƙa ba, a wajen isarwa ne. Ƙwayoyin da HIV ya kwanta a ciki suna warwatse a hanji, da kaluluwa, da saifa, har da ƙwaƙwalwa, kuma ba su da wata alama a bangonsu da ke bambanta su da lafiyayyu. A kai ga 99 cikin 100, ɗayar da ta rage ta isa ta mayar da hannun agogo baya. A ƙara yawan allurar don a kai ga kowace, sai a tunkari abin da ya kashe Gelsinger.

Hanta ce gaɓar da aka fi iya kai wa saƙo, domin ƙananan ƙunshin kitsen da ake naɗe almakashin a ciki can suke taruwa da kansu. A farkon 2025, a Philadelphia, likitoci suka gyara harafi ɗaya a hantar wani jariri da aka sani da KJ, mai lalurar amoniya 'yar'uwar ta Gelsinger amma mai kisa, da sabon salon da ke sauya harafi ba tare da datse zaren DNA gaba ɗaya ba. Ya samu sauƙi har aka sallame shi. Wannan ne ya sa nake ganin ciwon hanta nau'in B zai iya riga HIV cin moriyar fasahar. Shi ma bairos ne mai ɓuya, yana ajiye wani ɗan zoben DNA a cikin ƙwayoyin hanta wanda magungunan yanzu ba sa taɓawa, amma akasarin maɓoyarsa gaɓa ɗaya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ke ɗauke da shi a 2022. A Najeriya, babban binciken ƙasa na 2018 ya samu kusan kashi 8 cikin ɗari na manya da shi, alhali HIV kashi 1.4 ne. A ƙarshen 2024 kamfanin Precision BioSciences ya fara gwajin almakashinsa a kan masu cutar. Haɗarin shi ne bairos ɗin yakan manna guntayensa a cikin kundin mutum ma, kuma yanka a wurare da yawa cikin hantar da dama take fuskantar barazanar sankara ba abin wasa ba ne.

Saura batun kuɗi. Maganin CRISPR na farko da hukumomi suka amince da shi, Casgevy, na sikila ne. Birtaniya ta amince a Nuwambar 2023, Amurka a Disamba, a kan dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya, kuma sai an fara kashe ɓargon majinyaci da magani mai ƙarfin da ke iya hana haihuwa. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, ƙiyasin da aka fi ambato shi ne jarirai 150,000 a shekara. A wannan shekarar ta 2023, Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro ya sanar cewa ƙwayar HIV ta sau ɗaya a rana ta sauko ƙasa da dala 45 a shekara. A 2024 kuma aka gwada allurar kariya ta lenacapavir, sau biyu a shekara, a Afirka ta Kudu da Uganda, kuma cikin mata sama da 2,000 da aka yi wa, babu wadda ta kamu a lokacin da aka fitar da sakamakon. Da waɗannan ne duk wani gyaran ƙwayoyin gado zai yi takara. Duk da haka ban ga dalilin a daina nema ba, domin ƙwayar dala 45 sai an sha ta kullum har ƙarshen rai, kuma girgizar da tallafin Amurka ya yi a farkon 2025 ta nuna wa asibitocin Afirka cewa a hannun wasu take. Tun a 2019 Cibiyoyin Lafiya na Amurka da Gidauniyar Gates suka yi alkawarin dala miliyan 100 kowannensu don neman maganin gado na HIV da sikila da za a iya bayarwa ta allura, ba tare da dashen ɓargo ba, da nufin ya isa Afirka. Har yanzu aikin bai kai ga majinyata a asibitocinmu ba.

He Jiankui ya fito daga kurkuku a watan Afrilun 2022, ya koma neman kuɗin bincike, yana yawan magana a shafukan sada zumunta. Takardar da ya rubuta kan tagwayen, manyan mujallu sun ƙi ta, sai guntayenta da 'yan jarida suka fitar a 2019. Ya ce yaran suna lafiya, suna zuwa makaranta. Hukumomin Sin sun ɓoye sunayensu da inda suke, kuma babu wani likita mai zaman kansa da ya buga rahoton ya duba su.